Koren Ruwa Mai Guba: Daga Kwatar Bata Zuwa Dam ɗin Wasai, Wane Magani Ne Ke Aiki?

Duk wanda ya taɓa sauka daga adaidaita sahu a Bata, ko zai shiga kasuwar Sabon Gari ne ko zai wuce titin Beirut gyaran waya, to ya tsallake kwata ko da bai lura ba. Ruwan wanke-wanken masu abinci, da na wanki, da na gidajen wanka da ba-haya, da ɓawon lemo da ragowar shinkafa, duk a nan suke haɗuwa. Da mutum ya ɗaga ƙafa ya wuce, shi ke nan ya manta. Shi kuwa ruwan, a lokacin ya fara tafiyarsa.

Magudanan Fagge da Sabon Gari a rafin Jakara suke juyewa. Rafin ya taso daga cikin birni, ya kwashi ruwan abbatuwa, ya bi ta wajejen Kwakwaci, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ya je ya kwanta a dam ɗin Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wanda aka gina a 1976. Da rani, lokacin da babu ruwan sama, kusan duk abin da ke gudana a Jakara ruwan da gari ya zubar ne. Da shi masu lambu ke ban-ruwa a gaɓar rafin, a dam ɗin kuma ana kamun kifi, dabbobi na sha.

An daɗe ana magana kan gubar ƙarafa da ke cikin wannan ruwa. Akwai wani haɗarin da ba a cika ambato ba, wanda irin wannan ruwa mai yawan ƙazanta ke haifarwa in ya samu wuri ya kwanta a rana: koren abin nan da ke lulluɓe saman ruwa kamar an kwara fenti. Ƙasashe da dama sun gwada sinadarai da tsirrai iri-iri don kawar da shi, wasunsu ma ana sayar da su a nan Sabon Gari. Sai dai wasu magungunan, in aka yi amfani da su ba bisa sani ba, sun fi cutar illa.

Ba kowace gansakuka ce gansakuka ba

Bahaushe duk wani kore da ya gani a ruwa gansakuka yake ce masa. Amma a wajen masana akwai bambanci. Akwai gansakuka ta gaskiya, mai zare-zare kamar gashi, wadda dangin tsirrai ce kuma galibi ba ta da guba. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira sayanobakteriya. Su ma da hasken rana suke haɗa abincinsu kamar tsiro, launinsu kore ne mai sirkin shuɗi, amma ƙanƙantarsu ta kai ido ba ya ganin guda ɗaya sai sun taru miliyoyi.

Ba duka ne miyagu ba. Masana na cewa su ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce. A yankin tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani nau'insu daga tafkunan kanwa, su shanya shi a yashi, su yi miya da shi. Sunansa dihe a wajensu, shi ne kuma ake sayarwa a duniya da sunan sifirulina. Matsalar daga wasu nau'o'in take, irin su Microcystis, waɗanda ke iya haɗa guba a cikin jikinsu.

Abu huɗu suke so. Na farko abinci, wato naitirojin da fosfaras, haruffan N da P ɗin nan da ke jikin buhun takin zamani. Su ne kuma ke cike a fitsari, da ba-haya, da jini da tumbin dabbobi, da ragowar abinci, da wasu nau'o'in omo. Na biyu ɗumi, domin da ruwa ya haura digiri 25 suna fin sauran gansakuka saurin yaɗuwa. Na uku hasken rana. Na huɗu ruwa mai kwanciya. Suna da wasu 'yan jakunkunan iska a jikinsu da ke ba su damar tasowa sama su tare haske, su bar sauran halittun ruwa a duhu.

Wanda ya san Kano daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 kuma ruwa ya ja baya a kududdufai da madatsun ruwa, ya san duka huɗun suna nan.

Gubar da tafasa ba ta kashewa

Mafi shahara a cikin gubobinsu ita ce maikurosistin, wadda hanta take kai wa hari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 1 a kowace lita ta ruwan da ake sha yau da kullum. A sauƙaƙe, giram ɗaya tak, wanda bai kai rabin dunƙulen magi ba, ya isa ya kai lita miliyan ɗaya wannan iyaka. Lita miliyan ɗaya kuwa jarka 40,000 ce irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Akwai kuma wasu gubobin da ke taɓa jijiyoyi, waɗanda kan kashe kare ko saniya cikin ɗan lokaci bayan sun sha.

A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Barazil, an yi wa marasa lafiya wankin ƙoda da ruwan da aka ɗebo daga wata madatsa mai wannan matsala. Gubar ta shiga jininsu kai-tsaye, mutum fiye da 50 suka rasu. A watan Agustan 2014, hukumomin birnin Toledo a Amurka sun umarci mutum kusan 400,000 da kada su sha ruwan famfo, kada ma su tafasa shi, saboda gubar da aka gano ta shigo daga tafkin Erie. Dalilin hana tafasawa shi ne zafin tukunya ba ya lalata maikurosistin. Ruwa ne kawai zai ragu, gubar ta ƙara kauri. A 2020 kuma giwaye sama da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ɗora alhakin kan gubar sayanobakteriya a wuraren shan ruwansu.

Kada a ɗauka labarin ƙasashen waje ne kawai. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Mathias Chia da abokan aikinsa sun ba da rahoton samun maikurosistin a tafkunan kiwon kifi na Zariya tun 2009. A 2019 suka wallafa wani binciken da ya gano ta a jikin alayyahu da kabeji da latas da ake sayarwa a kasuwannin garin. Ma'ana, ba sai mutum ya sha ruwan ba. In an yi ban-ruwa da shi, gubar na iya biyo ganye ta iso faranti. Yanayin Zariya da na Kano kuwa ɗan juma ne da ɗan jummai: zafi ɗaya, noman rani a bakin rafi ɗaya.

Darasin batirin da ya kumbura

Kafin a zo kan magunguna, akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe, domin shi ke bambanta magani mai amfani da mai cutarwa. Muddin ƙwayar Microcystis na raye kuma lafiyarta ƙalau, mafi yawan gubar a cikin cikinta take a rufe. Sai ta mutu ta fashe sannan gubar ke narkewa a ruwa.

Masu gyaran waya a titin Beirut sun san kwatankwacin wannan. Batirin da ya kumbura haɗari ne, amma mai hankali a hankali yake ɓanɓaro shi ya fitar da shi ɗungurungum. Wanda ya sa tsinke ya huda shi don ya sace, shi ne zai ga hayaƙi da wuta. Haka magungunan koren ruwa suka kasu: akwai masu hudawa, akwai masu ɗaukewa ɗungurungum, akwai kuma masu hana shi abinci tun farko.

Shuɗin gishiri: tsohon magani mai tsohuwar illa

Maganin da ya fi daɗewa shi ne kofa salfet, wani shuɗin gishiri da ake haɗawa daga jan ƙarfe. Tun 1904 masu bincike a ma'aikatar gona ta Amurka suka ba da shawarar amfani da shi a madatsun ruwa. Yana da araha, yana aiki da sauri, cikin 'yan kwanaki koren zai ɓace. Shi ya sa har yau wasu masu kiwon kifi ke nemansa.

To amma shi mai hudawa ne. A ƙarshen 1979, a tsibirin Palm na ƙasar Ostireliya, mutane sun yi ƙorafin ɗanɗano da warin ruwan da ke zuwa daga madatsar Solomon, sai aka zuba kofa salfet don kashe koren da ya taso. Bayan 'yan kwanaki mutum kusan 150, galibinsu yara, suka kamu da amai da ciwon hanta da na ƙoda, da yawa sai da aka kwantar da su a asibiti. Binciken da ya biyo baya ya nuna wani nau'in sayanobakteriya mai guba ne a madatsar, maganin kuma shi ya farfasa shi. Ruwan ya yi kyau a ido, amma a lokacin ne ya fi haɗari.

Bayan wannan, jan ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka ya yi ta taruwa shekara da shekaru, yana kashe ƙananan halittun da kifi ke ci, in ya yi yawa kuma ya kashe kifin kansa. Ruwan da tuni yake ɗauke da ƙarafan masana'antu, irin wanda ke isa Wasai, ba ya buƙatar a ƙara masa wani.

Ruwan wanke ciwo mai kumfa

Sinadarin da masu bincike suka fi karkata gare shi a 'yan shekarun nan shi ne haidirojin farokzaid, wato farin ruwan nan na kemis da ke kumfa in an zuba a ciwo. Abin da ya sa ya yi fice biyu ne. Na ɗaya, sayanobakteriya ba su da ƙarfin jure shi kamar sauran gansakuka, don haka ɗan kaɗan zai kashe su ya bar saura. Na biyu, ba ya daɗewa. Cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki yake rikiɗewa ya koma ruwa da oksijin, ba ya barin komai a laka.

A 2009 masu bincike daga Jami'ar Amsterdam suka gwada shi a tafkin Koetshuis na ƙasar Holan. Sun gauraya shi a dukkan tafkin da ma'aunin miligiram 2 a kowace lita, wato giram 2 a tankin lita 1,000. Cikin 'yan kwanaki sayanobakteriya suka ragu da kashi 99 cikin ɗari, gubar ma ta sauka, kifi da sauran halittu ba su ga wata babbar illa ba, tafkin kuma ya zauna lafiya na kusan mako bakwai.

Sai dai kada wannan ya sa wani ya ruga kemis. Aikin na Holan da jirgin ruwa mai bututun feshi aka yi shi, bayan an gwada ruwan tafkin don sanin ma'aunin da ya dace. In ruwa ya cika datti ko koren ya yi kauri, sinadarin na ƙarewa kafin ya yi aiki. In aka ƙara shi da yawa kuma sai ya kashe har da halittun da ake son karewa. Shi ma yana fasa ƙwayar, don haka dole a dakatar da amfani da ruwan na wani lokaci. Kuma bayan makonnin nan, tunda abincin na nan, koren na iya dawowa.

Alam, zogale da yumɓu: masu ɗaukewa ɗungurungum

Rukuni na biyu ba kisa suke yi ba, tattarawa suke. Alam, wanda wasu ke kira alif, kowa ya san shi a gidajen da ake shan ruwan gulbi. Da shi matatun ruwa ke fara aiki. Yana sa ƙananan abubuwan da ke yawo a ruwa su manne da juna, su yi nauyi, su kwanta. Ƙwayoyin sayanobakteriya na shiga cikin wannan curi ba tare da sun fashe ba, yana kuma kama fosfaras. Sharaɗin shi ne a kwashe abin da ya kwanta da wuri, domin in aka bar shi ya kwana biyu ƙwayoyin za su mutu a nan su saki gubar. Alam kuma ba ya cire gubar da ta riga ta narke. Wannan aikin gawayi ne na musamman da ake sarrafawa a masana'anta, ko kulorin da aka auna daidai, ko iskar ozon. Gawayin girki bai kai nan ba.

Abin sha'awa shi ne akwai tsiron da ke yin aikin alam, kuma a bayan gida yake. Ƙwayar zogale, in an ɓare ta aka daka, tana da wani furotin mai jawo datti ya dunƙule shi. Matan karkara a Sudan sun daɗe suna tace ruwan Nilu da ita. A 2010 masu bincike a Jami'ar Wageningen ta Holan suka nuna cewa garin ƙwayar zogale na daƙile yaɗuwar Microcystis a ɗakin gwaji. Wannan albishir ne ga yankin da zogale ke fitowa ko'ina. Amma aikin ɗakin gwaji daban, aikin dam daban. Garin zogale shi kansa abu ne mai ruɓewa, in ya yi yawa a ruwa sai ya zama abincin wasu ƙwayoyin. Ya dace da bokiti ko tanki, ba da kududdufi ba, kuma ruwa ya yi garau ba ya nufin gubar ta fita.

A ƙasar Sin an gwada haɗa ƙasa da wani sinadari mai suna kaitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, a watsa a saman ruwa ya nutsar da koren. An ƙara ba irin waɗannan gwaje-gwaje muhimmanci bayan 2007, lokacin da koren tafkin Taihu ya hana mutum kusan miliyan 2 a birnin Wuxi ruwan famfo na kusan mako guda.

Akwai kuma Phoslock, wani yumɓu da hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya ta ƙirƙiro a shekarun 1990. An haɗa shi da wani ƙarfe mai suna lantanam wanda ke riƙe fosfaras ya hana shi narkewa. Shi ba ya taɓa ƙwayar ma sam, yunwa yake sa mata. An zuba shi a tafkin Serpentine na Landan kafin gasar Olamfik ta 2012, inda aka yi ninƙaya. Yana da tsada, kuma amfaninsa a tafkin da aka riga aka toshe hanyar shigar datti ne. In kwata na ci gaba da kwarara, za a yi ta zuba kuɗi a ruwa ne kawai.

Karan hatsi da na'urar sauti

A Ingila an daɗe ana jefa damin karan sha'ir a ƙananan tafkuna. Yayin da yake ruɓewa a ruwa mai iska da haske, yana sakin sinadaran da ke rage yaɗuwar gansakuka. Ba ya kashe wadda ta riga ta taso, yana ɗaukar makonni kafin ya fara aiki, sakamakonsa kuma wani wuri ya yi, wani wuri bai yi ba. A Koriya ta Kudu an gwada ruwan karan shinkafa a ɗakin gwaji, aka ga shi ma yana daƙile Microcystis. Ga ɗaliban kimiyya a Jami'ar Bayero, wannan fage ne a buɗe, tunda karan shinkafa tuli ne a Kura da Kadawa, sau da yawa ma ƙone shi ake yi.

Wanda ya yi bincike a intanet zai kuma ci karo da tallan na'urori masu aiki da hasken rana, da ke yawo a saman ruwa suna aika sautin da kunne ba ya ji, da nufin lalata jakunkunan iskar ƙwayoyin su nutse. Kamfanin LG Sonic na Holan na cikin masu ƙera su. Sai dai gwaje-gwajen masu bincike masu zaman kansu ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, wasu ma ba su ga wani tasiri ba. Kyawun bidiyon talla ba hujja ba ne.

Abin da waya za ta iya, da wanda ba za ta iya ba

Kowane magani a cikin waɗannan ya fi aiki in an ga matsalar da wuri, kuma a nan ne mai waya ke da rawar takawa.

Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, mallakar shirin Copernicus na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton kowane yanki kusan duk kwana biyar. Hotunan kyauta ne a shafin Copernicus Browser. Kowane ɗigo na hoton yana wakiltar mita 10 zuwa 20 a ƙasa, don haka kwatar Bata ba za ta fito ba, amma Wasai da Tiga da Watari da dam ɗin Challawa duk suna fitowa sarai. Mutum na iya jera hoton Janairu da na Afrilu ya ga yadda launin ruwan ya sauya. Wanda ya iya ɗan JavaScript kuma, shafin na ba da damar rubuta lissafin da ke kwatanta layin haske na 4 da na 5, wanda ke fito da yawan koren da ke cikin ruwa. Da irin hotunan taurarin ɗan'adam ne masu bincike a King's College ta Landan suka bi diddigin wuraren shan ruwa kusan 3,000 a Botsuwana, suka wallafa sakamako a 2024 da ya ƙarfafa zargin cewa koren ruwa ne ya kashe giwayen nan. Abin lura dai shi ne gajimaren damina da ƙurar hunturu na rufe hoto.

A Amurka hukumar kare muhalli na da manhajar CyAN da ke nuna halin manyan tafkunan ƙasar, akwai kuma bloomWatch da jama'a ke tura hoto da wurin da suka ga koren. Dukkansu don can aka yi su. Haɗa makamanciyarsu da Hausa, mai karɓar hoto da kwanan wata da lambar taswira, ba aikin da ya fi ƙarfin matasan Kano masu rubuta manhaja ba ne.

Ga wanda ke tsaye a bakin ruwa, akwai gwaji biyu da hukumomin muhalli a Amurka ke koyarwa. Na farko, a tsoma sanda a ɗago. In ta fito da zare-zare na rataye, gansakuka ce ta gaskiya. In ta fito kamar an tsoma ta a fenti, akwai alamar sayanobakteriya. Na biyu, a sa safar hannu ko leda, a ɗebi ruwan a kwalba mai haske, a rufe, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da abinci da yara, ta kwana ba a motsa ta ba. In koren ya kwanta a ƙasa, galibi ba su ba ne. In ya taso ya yi zobe a sama, to a yi hattara. Akwai kuma Foldscope, madubin ganin ƙwayoyi na takarda da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, mai girmama abu sau 140, wanda ake liƙawa a kyamarar waya.

Duk waɗannan suna nuna ƙwayar ce, ba gubar ba. Koren ruwa na iya zama marar guba, ruwa garau kuma na iya ɗauke da ita bayan ƙwayoyin sun mutu. Tabbaci sai da gwajin ɗakin bincike ko tsinken gwaji na musamman. Babu manhajar da za ta kalli hoto ta ce wannan ruwa ya shawu.

Kafin hukuma ta iso

Wanda ya ga ruwa ya yi kamar fenti, ko ya tara kumfa kore a gefen da iska ke kaɗawa, kada ya sha, kada ya yi wanka ko alwala da shi, kada ya bar yara ko dabbobi su shiga. In ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai tsafta. In amai ko gudawa ko ƙaiƙayi suka biyo baya, a je asibiti a faɗi ruwan da aka taɓa. Ya kuma dace a ɗauki hoto da kwanan wata a sanar da ma'aikatar muhalli ko hukumar ruwa.

Matashi mai kiwon tarwada a bayan gida ya sani cewa ɗan kore a ruwa ba laifi ba ne. Alamar haɗari ita ce kauri a sama da kifi na tasowa neman iska da asuba. Matakin farko shi ne rage abinci, da sauya wani ɓangare na ruwan, da ƙara iska. Kashe koren gaba ɗaya a dare ɗaya kan sa ya ruɓe ya shanye oksijin, a wayi gari kifi sun juya ciki sama. Ruwan da aka sauya kuma kada a kai shi lambun ganye ko wajen shan dabbobi.

A gida kuwa, ruwan rijiyar burtsatse ba ya ganin rana, don haka wannan matsala ba ta cika shafarsa ba sai an ajiye shi a tanki buɗaɗɗe ko mai shigar da haske. Baƙin tanki mai murfi, da wanke shi lokaci-lokaci, ya wadatar.

A koma Bata

Mai waya ya san takaicin nan na ma'ajiya ta cika. Zai goge bidiyo ɗari yau, gobe ta sake cika, saboda WhatsApp na sauko da duk abin da aka turo a guruf kai-tsaye. Gogewa na ba da sauƙi na kwana ɗaya, amma sai an shiga saiti an kashe saukarwar sannan a huta.

Haka lamarin koren ruwa yake. Farokzaid da alam da zogale da yumɓu duk gogewa ce, kowanne da wurin da ya dace da shi. Saitin kuwa yana can inda ruwan ya taso: masan da aka haɗa da kwata, jini da tumbin da ke gangarowa daga mayanka, ragowar abincin da ake juyewa a lambatu, takin da aka zuba fiye da kima a bakin rafi. Tace ruwan gari kafin ya shiga Jakara aikin gwamnati ne, kuma ya kamata masu zaɓe su riƙa tambayar inda aka kwana a kai. Amma raba ragowar abinci da ruwan wanke-wanke, da kiran motar kwasar masai maimakon buɗe bututu da daddare, wannan a hannun mai shago da mai gida yake.

Ruwan da aka zubar a Bata da safe ba ɓacewa yake ba. Yana bin Jakara ya shayar da lambu, kuma ba abin mamaki ba ne latas ɗin da ya sha shi ya dawo kasuwar Sabon Gari a cikin kwando, 'yan taku kaɗan daga kwatar da ya fara tafiya.